Gasar Tara Kuɗin Taimako a Makarantun Mataimakan Likita: Wa Ke Ɗaukar Kofi, Wa Ke Shan Magani?



Yau Amurka za mu leƙa, amma ba ruwanmu da fadar shugaban ƙasa ko majalisa. Makarantun koyon aikin lafiya za mu shiga, inda wata al'ada ta zauna da gindinta. Makarantun da ke horar da mataimakan likita sukan yi gasa da juna a kan wadda za ta fi tara kuɗin taimako. Ɗaliban wannan jami'a su ɗaura ɗamara, na waccan ma su ɗaura, a sa ranar farawa da ranar rufewa, a buɗe shafi a intanet inda kowa zai riƙa ganin abin da kowace makaranta ta tara. Ranar ƙarshe a ƙirga, a sanar da gwani. Kuɗin kuwa su tafi ga masu fama da ciwon daji, ko asibitin da ke duba marasa galihu kyauta, ko rumbun abincin mabuƙata.

Bari mu fara sanin 'yan gasar. Mataimakin likita a can ba mai riƙe wa likita jaka ba ne, ba kuma nas ba ne. Ma'aikaci ne mai lasisi. Yana duba majinyaci, ya tura shi gwaji, ya gano cutar, ya rubuta magani, ya yi ɗinki, ya kama hannu a ɗakin tiyata, tare da likita ko ƙarƙashin kulawarsa, gwargwadon abin da dokar jiharsa ta tanada. Sana'ar ba ta daɗe ba. A 1965 ne Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke a jihar Karolina ta Arewa ya ɗauki mutum huɗu, dukkansu tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, ya fara koyar da su. Ya ga ƙauyuka ba likitoci, ya ga kuma ga samari sun iya tsayar da jini da ɗaure karaya a soja, amma in sun tuɓe kaki ba asibitin da ke da gurbinsu. Ya kuma san labarin wani likitan karkara a garin Garland, Dakta Amos Johnson, wanda ya horar da wani baƙar fata mai suna Henry Treadwell har ya kai yana riƙe masa asibiti in ya yi tafiya. Uku daga cikin ɗaliban farko suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967, ranar da ta zo daidai da ranar haihuwar Stead. Shi ya sa har gobe daga 6 zuwa 12 ga Oktoba ne makon bikin wannan sana'a, kuma a wannan makon ne ɗalibai da dama ke fita ayyukan taimako. Yau akwai makarantu sama da 300 da aka amince da su, da ma'aikata masu shaidar aiki sama da dubu 170. Masu sauraronmu na Gana sun san aikin, domin tun 1969 ake horar da irin waɗannan ma'aikata a Kintampo.

To, yaya rayuwar ɗalibin take? Karatun digiri na biyu ne, yakan ɗauki kimanin wata 27. Shekarar farko a aji ake yin ta, safe zuwa yamma, jarrabawa na bin jarrabawa. Daga nan a watsu asibitoci, a yi sama da sa'a 2,000 ana zagaya sassa: yau haihuwa, gobe yara, jibi gaggawa. Makarantu da yawa sukan gargaɗi ɗalibi kada ya kuskura ya haɗa karatun da aikin albashi, kuma da yawansu sukan fito da bashin karatu da ya haura dala dubu 100 a wuyansu. Wato masu tara wa mabuƙata kuɗin nan su kansu bashi suke ci su biya haya. Abin da suke da shi na bayarwa lokaci ne, wanda shi ma bai ishe su ba, sai kuma mutuncinsu, domin kawu da goggo da tsohon maigida za su buga wa waya su ce a taimaka.

Dabarun ba wasu manya ba ne. A soya kek a sayar a bakin ɗakin karatu. A wanke motoci ranar Asabar. A buga riguna. A shirya gudun kilomita 5, kowane mai gudu ya biya kuɗin shiga. A yi yarjejeniya da mai gidan abinci cewa duk cinikin daren kaza wani kaso na asusu ne. A yi gwanjon damar shafa wa malami kek a fuska, kuma an ce malamin da ya fi tsanani a jarrabawa shi ya fi tsada. Wasu su aske kansu ƙwal don tara wa yara masu ciwon daji. Akwai wadda ta fi ba ni dariya, wadda suka gada tun daga firamare, wato yaƙin kwabbai. Kowane aji da kwalbarsa. In ka jefa kwabo a kwalbarku maki ya ƙaru, in ka jefa silalla ko takardar kuɗi a kwalbar abokan hamayya sai a zaftare musu maki daidai darajar abin da ka jefa. Kowa na ƙoƙarin ya yi wa ɗan'uwansa mugunta, asusu kuwa sai cika yake yi. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin ɗan Adam.

Ba ɗaliban nan suka fara ba, tarar da abin suka yi. A watan Mayun 1985 wani likitan tiyata a birnin Tacoma, Dakta Gordon Klatt, ya kwana ya wuni yana zagaya filin wasa na Jami'ar Puget Sound. Sa'a 24, fiye da mil 83, wato sama da kilomita 130. Abokansa na biyan dala 25 su taka masa na rabin sa'a. Ya tara wa ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka dala dubu 27. Da shekara ta zagayo, tawaga 19 suka fito, suka tara dala dubu 33. Daga nan aka sami Relay For Life, inda tawaga-tawaga ke kwana suna karɓa-karɓar zagaye, kuma ɗaliban aikin lafiya na cikin masu fitar da tawaga. A Jami'ar Jihar Pennsylvania kuwa, tun 1973 ɗalibai ke yin wata doguwar rawa da suke kira THON. Yanzu sa'a 46 ake yi ba zama ba barci, kuma a 2024 kaɗai sun tara kusan dala miliyan 17 don yara masu ciwon daji. Jami'ar Michigan da ta Jihar Ohio, waɗanda ba sa ga maciji a fagen ƙwallo, tun 1982 suke gasar wa zai fi ba da jini kafin wasansu na watan Nuwamba. Alabama da Auburn su kuma a kan abincin mabuƙata suke tasu, tun 1994.

Su ma mataimakan likita suna da nasu fagen. Ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1968, tana taro duk shekara a wani birni, kuma a wurin taron ake kacici-kacicin ilimin likitanci tsakanin makarantu, ana ihu ana kaɗa tuta kamar a filin ƙwallo. Gidauniyar ƙungiyar ta gudanar da shirin ba da tallafi ga wata ƙungiyar lafiya ta birnin da ya karɓi baƙuncin taron, don kada dubban baƙi su ci su sha su watse ba su bar wa gari komai ba. Wanda ya saba kare sunan makarantarsa a kacici-kacici, ba sai an roƙe shi ya kare shi a allon tara kuɗi ba.

Me ya sa abin ke aiki? Na farko, yawancin mutane ba sa bayarwa sai an tambaye su, kuma sun fi bayarwa in wanda suke jin nauyinsa ne ya tambaya. Na biyu, akwai wa'adi. Sadakar da ba ta da ranar rufewa, gobe-gobe ke cinye ta. Na uku shi ne wanda mutane ba sa son a faɗa, wato idon jama'a. Wasu masu bincike biyu a Ingila, Nichola Raihani da Sarah Smith, sun bi diddigin shafukan tara kuɗi na masu gudun yada-ƙanin-wani na birnin Landan, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun gano cewa in mai neman taimakon mace ce kyakkyawa, kuma wani namiji ya riga ya ajiye kuɗi mai tsoka, to ƙarin da namijin da ke biye zai yi yakan ninka kusan sau huɗu. Mata ba su nuna wannan hali ba. Maza, ban ce komai ba, alƙaluma ne suka yi magana. Akwai kuma binciken Dean Karlan da John List na 2007, da suka aika wasiƙun neman taimako kusan dubu 50. Da aka gaya wa mutane akwai wani mai hali da zai ɗora dala a kan kowace dalar da suka bayar, abin da aka samu ya ƙaru. Amma da aka ce zai ɗora uku, bai fi na ɗaya tasiri ba. Mutum so yake ya ji ba shi kaɗai ba ne a fagen, yawan ninkin bai dame shi ba.

Na san wani mai sauraro ya riga ya ce, ai wannan riya ce, sadakar da ake shela ina ladanta? Tambaya ce mai nauyi, kuma hukuncinta na malamai ne. Abin da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya sani shi ne labarin Sayyidina Umar, ranar da aka yi kira a ba da sadaka, ya ƙudura a ransa yau zai wuce Sayyidina Abubakar. Ya kawo rabin dukiyarsa, sai ya tarar Abubakar ya kawo tasa gaba ɗaya. Rige-rige a aikin alheri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Niyya tana tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ita kuwa matar da aka biya wa kuɗin gwajin sankarar mama, ba ta tambayi ko ɗalibin da ya wanke mota don a doke makarantar maƙwabta ya yi ba.

Tawa damuwar a wani wuri take. A ma'aunin take.

In aka ce gwani shi ne wanda ya fi yawan dala, me aka auna ke nan? Akwai makarantar da aji ɗaya ke da ɗalibai kusan 100, akwai wadda ba ta wuce 30 ba. Akwai wadda ke tsakiyar babban birni, tsofaffin ɗalibanta sun yi shekara hamsin suna fitowa, wasu sun zama manya a asibitoci. Akwai wadda aka buɗe shekaranjiya a ƙaramin gari, ɗalibanta 'ya'yan manoma ne da ma'aikatan masana'anta, wasunsu su ne na farko a zuriyarsu da suka taka jami'a. Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ɗaya a makarantar farko ta buga wa mahaifinta waya, ya tura dala dubu 5 kafin ya gama shan shayi. A ce a ta biyu ɗalibai ashirin sun wuni a rana suna wankin mota, sun tashi da dala 600. Allo zai ce ta farko ce gwana, kuma allo bai yi ƙarya ba, dala ya ƙirga. Amma abin da ya auna aljihun iyaye ne, ba himmar 'ya'ya ba.

Ba zato nake yi ba, haka tara kuɗi ta intanet yake. Nora Kenworthy da Mark Igra na Jami'ar Washington sun duba shafukan neman kuɗin magani sama da dubu 400 a dandalin GoFundMe, daga 2016 zuwa 2020. Kashi 16 cikin 100 ba su sami ko sisin kwabo ba. Waɗanda suka cimma abin da suka nema ba su wuce kashi 12 ba. Kuma yankunan da suka fi yawan marasa inshorar lafiya da masu bashin asibiti su ne suka fi tara kaɗan. Mai abokai masu kuɗi shi ke samun kuɗi. Gasar makarantu ba ta tsira daga wannan ba, sai dai ma ta ɗora masa kofi.

Sai maganar abin da ake tara wa kuɗin. Mai son ya ci gasa zai zaɓi abin da ke saurin taɓa zuciya. Hoton yaro mai ciwon daji ba ya buƙatar dogon bayani, kuma Allah ya sani yaron ya cancanci taimako. Amma su wa ɗaliban nan za su tarar a layin asibiti in sun fara aiki? Dattijo mai ciwon suga da ke tsimin allurarsa don kada ta ƙare kafin ƙarshen wata. Matashin da ƙwaya ta kama. Mai taɓin hankali da ke kwana a ƙarƙashin gada. Wanda haƙoransa suka ruɓe don bai taɓa samun kuɗin ganin likitan haƙori ba. Ƙungiyar Remote Area Medical, wadda Stan Brock ya kafa a 1985 don kai magani dazuzzukan ƙasashen waje, ta wayi gari mafi yawan aikinta a cikin Amurka yake. Takan kafa rumfuna a filin baje koli, mutane su kwana a cikin motocinsu don su sami lamba, a cire musu haƙori ko a ba su tabarau kyauta. Irin waɗannan majinyata ba su da farin jini a shafin intanet, ba wanda zai aske kansa dominsu.

Abu na uku, kuɗin da aka sanar ba shi ne kuɗin da ya isa ba. In an cire kuɗin buga riguna, da hayar zaure, da kason da dandalin intanet ke yanka, me ya rage? Ita kuma ƙungiyar da aka miƙa wa, wa ya duba ta? A 2015 hukumar kare masu sayayya ta gwamnatin Amurka da dukkan jihohi 50 suka maka wasu ƙungiyoyi huɗu a kotu, ciki har da Cancer Fund of America, bisa zargin sun karɓi dala miliyan 187 da sunan masu ciwon daji tsakanin 2008 da 2012, alhali abin da ya kai ga majinyata bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Sauran ya tafi ga kamfanonin roƙo, da albashin dangi, da motoci, da yawon shaƙatawa. Daga baya aka rushe ƙungiyoyin. Dokar ƙasar ta wajabta wa manyan ƙungiyoyin agaji su miƙa bayanin kuɗinsu ga hukumar haraji duk shekara, kuma kowa na iya karantawa. Ɗalibin da aka koya wa kada ya rubuta magani sai ya ga sakamakon gwaji, bai kamata ya miƙa dalar jama'a ba tare da ya buɗe wannan takarda ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a daina. Ina goyon bayan gasar, ma'aunin nake so a sauya. A raba abin da aka tara da yawan ɗaliban makaranta, sai ƙaramar makaranta ta sami fage. A ƙirga yawan hannuwan da suka bayar, don mutum 500 masu dala biyar-biyar su fi attajiri ɗaya nauyi. A sanar da abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya. Kofin kuma a riƙe shi sai bayan wata shida, ranar da kowace makaranta za ta zo ta faɗi mutum nawa aka yi wa gwaji, mutum nawa aka saya wa magani. In an yi haka, ɗalibai za su fara neman inda dala ke aiki mafi yawa. Misali, akwai ƙungiyar Undue Medical Debt, wadda wasu tsofaffin masu karɓar bashi biyu suka kafa a 2014. Sun san yadda ake sayar da tsohon bashin asibiti a dunƙule da arha, sai suka koma suna saye suna yafewa. A ƙididdigarsu, dala ɗaya kan goge bashin kusan dala 100. Ke nan dala 600 ta masu wankin motar nan za ta iya sauke wa iyalai nauyin kusan dala dubu 60.

Kada kuma kowa ya ruɗi kansa da girman abin. Wani ƙiyasi na cibiyar KFF da ya fito a 2024 ya ce bashin asibiti da ke kan Amurkawa ya kai aƙalla dala biliyan 220, kuma a 2023 mutum kusan miliyan 26 ba su da inshorar lafiya kwata-kwata. Ku ɗora miliyan 17 ta masu rawar Pennsylvania kusa da wannan, su da suka fi kowane taron ɗalibai tarawa. Kek da wankin mota ba za su toshe wannan rami ba, aikin dokoki ne da kasafin kuɗi. Babbar ribar gasar a wurina ita ce abin da take yi wa ɗalibin kansa, in har ta kai shi ya tsaya gaban wanda ake tara wa kuɗin. Stead ya kafa sana'ar ne don karkara da inda ba likita, amma yau kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na mataimakan likita ke aiki a matakin farko na kiwon lafiya. Saura sun nufi tiyata da gaggawa da fata da sauran sassa, inda albashi ya fi tsoka, kuma mai bashin dala dubu 100 ba a ga laifinsa ba. Ɗalibin da ya taɓa wuni a asibitin kyauta yana auna hawan jinin mutanen da suka yi shekaru ba su ga likita ba, ya fi kusa da tunawa da su ranar zaɓen wurin aiki a kan wanda ya tura saƙo a waya ya jira allo ya motsa.

Ga ɗalibanmu na makarantun koyon aikin lafiya da ke sauraro, in har wannan ya burge ku kuna son ku gwada, to ga abin da ya fi cancanta ku ɗauko: buɗaɗɗen allon nan. Mun san yadda namu taron gidauniya yake. Babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya yi alkawarin miliyoyi, maroƙi ya wasa shi, a yi tafi, bayan wata uku ma'aji na sintiri a ƙofar gidansa ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. A gasar da muka tattauna a kai, ba a rubuta wa makaranta maki sai kuɗi sun shiga asusu. Ku ƙalubalanci makarantar da ke maƙwabtaka da ku. Ku zaɓi abu guda da za a iya ƙirgawa, ko ledar jini ce, ko kuɗin sallamar majinyatan da suka kasa biya, ko kayan haihuwa na asibitin ƙauye ɗaya. Kada ku ƙirga alkawari, ku ƙirga abin da ya shigo hannu, ku liƙa rasit a allon sanarwa inda kowa zai gani. Ku kuma masu bayarwa, duk wanda ya zo muku da kwalba ko lambar asusu, ku bayar, sannan ku tambaye shi ranar da za ku dawo ku ga inda kuɗin suka shiga.